In An Kira Kawunka, A Gaya Mini

Dilimi, Jos
Ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Dauda,

Assalamu alaikum. Na san ku ma a cocinku da salama kuke buɗe taro, don haka ba na jin gaisuwar za ta yi maka nauyi. Ina fata kana lafiya, kai da kawunka Pam da mutanen gidansa duka. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya kuma tsare ka a inda za ka.

Yayarka Hannatu ce za ta kawo maka takardar nan. Ita ta gaya mini ka gama horon soja, an tura ku arewa maso gabas, motarku za ta tashi ranar Asabar. Ka san Hannatu, magana ba ta kwana a cikinta. Ta ce a takardar da kuke cikewa, inda ake rubuta wanda za a sanar in wani abu ya sami soja, sunan kawunka ka sa. Ban ga laifin wannan ba, shi ya riƙe ka shekara goma sha biyar. Amma ta ƙara da cewa ka sa Pam ya yi maka alkawari, ko rauni ka ji, ko abin da ya fi rauni, kada a gaya mini. A kan wannan nake rubuto maka.

Ba zan cika ka da labarin unguwa ba. Dilimi tana nan yadda ka bar ta, sai dai kwatar ƙofar gidanmu da ta ƙara faɗi. Abin da nake da shi da zan ba ka guzuri shi ne kurakuraina, kuma suna da yawa, sai na zaɓa. Ka karanta, ka ɗauki abin da zai yi maka amfani.

Ka san sana'ata gyaran keken ɗinki. A da, kafin garin nan ya rabu, babu unguwar da jakata ba ta shiga ba. Haka na je wani shago a Kabong, inda mahaifiyarka Ladi take koyon ɗinki. Aka ce keke yana tsinka zare. Na duba, keken lafiyarsa ƙalau, ita ce ta sa allura a juye. Na juya allurar, na kuma koma sau uku duba keken da babu abin da ya same shi. Da magana ta yi nisa, Pam, a matsayinsa na wanta, ya zaunar da ni ya ce sharaɗi ɗaya ne, za ta ci gaba da zuwa cocinta. Kafin ya rufe baki na ce na yarda. A raina kuwa cewa nake, a ba ta shekara ɗaya ko biyu, za ta biyo ni da kanta.

Ba ta biyo ni ba. Ni kuma ban taɓa hana ta ba, har alfahari nake da hakan a majalisa. Amma duk ranar Lahadi, da ta ɗaura kallabi ta ɗauki littafinta, sai in ɗaure fuska. In ta dawo ta kawo abinci, sai in ce na ƙoshi. Shekara goma sha biyu ina wannan aikin kowane mako, ban gaji ba. Wata rana ta ajiye kwanon a gabana ta ce, “Malam, da ka hana ni da baki, da ya fi mini sauƙi.” Na yi kamar ban ji ba. To Dauda, in za ka yi wa mutum alkawari, ka fara tambayar kanka ko za ka iya zama da shi in bai canza ba har abada. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun farko. Ni na cika alkawarina a baki, na kuma sa matata ta biya shi da zaman gidanta.

Kana da shekara takwas rikicin da ya raba mu ya tashi. Ba sai na gaya maka abin da aka yi ba, kana jin harbin, ka ga hayaƙin. Kowa a layinmu ya san Ladi Kirista ce. Maƙwabta ba su taɓa ta ba, amma waɗanda suke shigowa daga wasu unguwanni ba su san ta ba, ba su kuma zo tambaya ba. Da aka ɗan sassauta dokar hana fita, matar maƙwabcinmu ta ara mata hijabi, na riƙo hannunka, muka taka har wajen kasuwar Taminus, inda Pam yake jiranmu. Na ce masa sati biyu ne, kafin gari ya yi sanyi. Hannatu kuwa tana unguwar Ali Kazaure tana jinyar kakarku, shi ya sa ba ta cikin tafiyar. Ina so ka san wannan da kyau. Babu wanda ya zauna ya ce a ba uwa namiji, a bar wa uba mace. Inda ranar ta sami kowa, nan ya zauna.

Kai ku wurin Pam ba kuskure ba ne, ko yau haka zan yi. Kuskuren ya zo daga baya. Ƙanena Garba, wanda yake ɗaukar ka a babur yana zagaya layi da kai, ya fita da safe ranar farko ta rikicin bai dawo ba. Kwana huɗu muna nema. Akwai wuraren da mai hula irina ba ya iya zuwa a lokacin, Pam ne ya je. Shi ya bi ɗakunan ajiye gawa ɗaya bayan ɗaya yana buɗe fuskoki, har ya same shi, ya kira ni a waya ya gaya mini inda zan je. Ban yi masa godiya ba. Na ce to, na kashe wayar.

Akwai wata al'ada da ban sani ba ko ka tarar da ita da wayonka. A garin nan, in Kirsimeti ta zo, Kiristan da yake da maƙwabta ko surukai Musulmi ba ya yanka dabbarsa da kansa. Musulmi yake kira ya yanka masa, don kowa ya iya cin naman ba tare da shakka ba. Mu kuma da Babbar Sallah, cinyar rago gidansu take zuwa. Tun da na auri Ladi, ni nake yanka wa Pam akuyarsa. Nakan je da wuƙata da sassafe, in yanka, in wanke hannu, a kawo mini shayi, in tsaya har a soya hanta.

Kirsimetin shekarar ta zo kusan wata guda bayan mun binne Garba. Ana gobe, mahaifiyarka ta zo inda nake aiki a bakin titi, gefen ƙonanniyar kasuwa, tana riƙe da hannunka. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Yaya Pam ya ce akuya tana nan a ɗaure, kai ake jira. Ya ce in kana tsoron hanya, shi da kansa zai zo ya tafi da kai, ya dawo da kai. In an gama, sai mu biyo ka gida.” Na san abin da Pam yake yi. Ƙofa ya buɗe mini, yadda zan dawo da iyalina ba tare da kowa ya roƙi kowa ba. Akwai teloli biyu zaune a bencina, suna sauraro. Na ce mata ta koma ta gaya wa wanta, mutanen da suka yanka ƙanena ba sa bukatar a yanka musu akuya.

Kana tsaye, kana riƙe da gefen zanenta. Ban san ko ka tuna ba, amma ina jin ka tuna. Telolin nan suka gyaɗa kai, na ji daɗin gyaɗa kan nasu na kamar minti biyar. Daga baya na ji Pam bai yanka akuyar ba sai da la'asar, wai ko zan canza shawara.

Wannan shi ne babban abin da nake so ka tafi da shi, tunda bindiga za a ba ka. Na san Pam bai kashe Garba ba. Na san shi ya nemo mini gawarsa. Amma wanda ya kashe shi ban san fuskarsa ba, Pam kuwa na san tasa, sai na ɗora masa. Inda za ka, za a kashe wani da kuke cin abinci kwano ɗaya, ba fata nake ba, haka wurin yake. Washegari za ka tsaya a shinge, motoci su zo cike da mutane masu hula irin tawa, masu suna irin nawa, wasu ko Hausa ba sa ji sosai. Zuciyarka za ta ce maka su ne. Ka bincika motar yadda aka koya maka, kada ka yi sakaci da ranka, amma in ba ka sami komai ba ka bar su su wuce. A lokacin dokar hana fitar nan, wani soja da bai kai shekarunka ba ya taɓa sa ni na zauna a ƙasa a gaban jama'a, ya zazzage jakata, yana tambaya me zan yi da sukundireba har guda shida. Na gaya masa. Bai saurara ba, idonsa ja wur, na ga alama shi ma wani aka kashe masa. Ban riƙe shi a rai ba, don na gane ciwon. Amma ba na so wani tsoho a can ya riƙa tuna fuskarka yadda nake tuna tasa.

Kuma in kana cikin fushi, ka duba ko akwai masu kallo. Ni dai duk maganar da na yi nadamarta a rayuwata, akwai mutane a benci lokacin da na faɗe ta.

Daga nan sati biyu ya zama shekaru. Ban saki mahaifiyarka ba, ban kuma dawo da ita ba. Mutane suka yi ta ba ni shawara in yi ɗaya daga ciki, na ce ina tunani. Hannatu ta girma tana zirga-zirga tsakanin Dilimi da Kabong, ta sa hijabi a nan, ta naɗe shi a jaka in ta kusa can. Lokaci lokaci takan dawo da kula cike da gwaten acca, ta ce Mama ta ce a kawo. Ina cinyewa tas, in mayar da kular a wanke, babu ko saƙon gaisuwa. Ina ganin in na ce na gode, sai in ce yi haƙuri, in na ce yi haƙuri kuwa sai in faɗi laifin da na yi. Kada ka bar magana a rataye, Dauda. In ka yi wa mutum laifi, ka je a satin. Bayan shekara ɗaya hanyar tana ƙara tsawo, bayan biyar sai ka fara gaya wa kanka shi ma ai yana da nasa laifin.

Sai ranar da ka zo da kanka. Kana da shekara goma sha bakwai, ka fi ni tsawo, ka sa farar riga ka soke ta a wando. Ina kwance kan wani keke, na cire kwarkwaro ina gogewa. Ka yi sallama irin tamu, ka ce, “Baba, ranar Lahadi za a yi mini baftisma. Na ce gara ka ji daga bakina.” Ban ɗago ba. Na ce, “Samari, akwai abin da za a gyara ne?” Ka daɗe a tsaye. Na ci gaba da goge kwarkwaron da ya riga ya fita fes, har na ga ƙafafunka sun juya.

Ba zan yi maka ƙarya ba don kana shirin tafiya. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Ni na yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka. Sunanka ma da na yayarka, zaɓa muka yi ni da Ladi, wanda za a iya kira a masallaci a kuma kira a coci, amma a raina masallacin nake nufi. Ina roƙon Allah Ya dawo da kai, kuma ba zan daina ba, kamar yadda na san mahaifiyarka ta yi ta yi mini nata roƙon har ta koma ga Allah. Sai dai na yi lissafi daga baya. Shekara tara ban koya maka ko alwala ba. Wanda ya kai ka makaranta, ya zauna da kai a asibiti da ka karye a hannu, shi ka bi zuwa inda yake ibada. Na bar gona ban shiga ba, na zo ina fushi da abin da ya tsiro. Kai kuwa ka yi abin da ni ban iya ba, ka tako har inda nake ka faɗi magana mai wuya ido da ido. Ka riƙe wannan halin, ba daga wurina ka samo shi ba. In wata rana ɗanka ya zo maka da abin da ba ka so, ka ɗago kai ka dube shi tukuna, faɗan ya biyo baya.

A rundunarku za ka zauna da Musulmi, wasu za su tsare maka baya, kai ma ka tsare musu. In suna salla ka riƙe musu gadi, in kana addu'arka za su riƙe maka. Kada ka ɓoye abin da kake bi don a so ka, kada kuma ka ɓoye cewa ubanka Musulmi ne don a yarda da kai. In an tambaya ka faɗa, ko da za ka ƙara da cewa ba kwa magana.

Saura ɗaya, wanda na fi jin kunyarsa. Shekara uku ke nan da rasuwar Ladi. Hannatu ta ce abin da ya sa ka yanke ni gaba ɗaya shi ne ban zo jana'izarta ba. Na zo. Na hau keke napep har Kabong, na sauka nesa kaɗan, na tsaya a tsallaken titi gaban shagon wani mai faci. Na ga an shiga da akwatin, kai kana gaba ta hannun dama. Ina jin waƙoƙin, da Hausa ake yi, har akwai wadda takan yi in tana wanki. Na ce in an fara fitowa zan tsallaka in yi wa Pam ta'aziyya. Da aka fara fitowa sai na tuna da hular kaina, na tuna za a juyo a dube ni, wani zai ce ga mijin nan da ya yar da ita. Na tari wani napep na koma Dilimi, na buɗe jakata na ci gaba da aiki. Ban gaya wa kowa ba, har Hannatu, sai yanzu.

Ban faɗa maka don ka rage mini laifi ba. Kai da ka ce ban zo ba, kai ne da gaskiya, tunda babu wanda zuwan nawa ya yi wa amfani. Titin nan bai fi taku ashirin ba. Kunya ce ta hana ni, kunyar mutanen da yau ko fuskarsu ba zan iya tunawa ba. In akwai inda ya kamata a gan ka, ka shiga a gan ka, a faɗi abin da za a faɗa.

Jiya Talata na je gidan kawunka. Na zaɓi lokacin da Hannatu ta ce ka fita sallama da abokanka. Rabona da ƙofar nan shekara goma sha shida. Na same shi a tsakar gida yana gyara kejin kaji, ya tsufa, gashin duk ya yi fari. Ya dube ni, ya ce, “Malam Sabo, kai ne da rana tsaka haka? Shigo mana, kujera yana nan.” Na zauna. Matarsa ta kawo ruwa, na sha. Na yi masa ta'aziyyar ƙanwarsa, wadda ta makara da shekara uku, na kuma yi masa godiyar Garba, wadda ta makara da goma sha biyar. Ya ce, “Ya wuce. Mu duka mun sha wahala.” Daga nan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce in an kira shi a kanka, ya kira ni.

Ya girgiza kai. Ya ce, “Inlo, surukina, ba ni za ka roƙa ba. Yaron ya sa na ɗaga hannu na yi alkawari. Ni dattijo ne a coci, ba zan karya ba. Na gaya masa wannan abu ba kyau, bai ji ba. Kai ka yi masa magana. In ya ce a gaya maka, ko ina cikin sujada ne zan fita in kira ka.” Na ce ba za ka saurare ni ba. Ya ce, “To rubuta. Yana karatu, ni na biya makaranta.” Ka ga kawunka bai bar halinsa ba.

To ga shi na rubuta. Ban ce ka goge sunan Pam ka sa nawa ba. Ban ce ka zo Dilimi ka yi mini sallama ba, ko da yake ƙofar a buɗe take. Ban ce ka yafe mini ba, wannan ba a yin sa cikin kwana uku. In Allah Ya ƙaddara abin da ba ma fata, ba zan yi jayayya da kowa a kan inda za a sa ka ko yadda za a yi maka addu'a ba, abin da ka zaɓa shi za a yi. Abin da nake roƙo kawai, kada in ji labarinka a bakin wani tela bayan wata biyu, yana ba ni keke yana cewa ashe abin da ya faru ke nan. Na nemi ƙanena kwana huɗu ban san ko yana raye ba. Ba na jin zan iya yin shekaru a haka, kullum in ga Hannatu ta shigo in riƙa karanta fuskarta. Ina tsoro, Dauda. Ban taɓa gaya wa kowa wannan kalmar ba.

Ba sai ka ba ni amsa ba. Kawunka za ka gaya wa, kalma uku ta isa: “a gaya masa.” Mun yi da shi zai kira ni ranar Lahadi in sun taso daga coci, ya faɗa mini abin da ka ce kafin ka hau mota. In ba ka ce komai ba, zai kira ya ce ba ka ce komai ba, ni kuma ba zan sake damun ka ba.

Ka riƙa cin abinci in ka samu, ka kula da ƙafafunka, an ce takalmin nan yana cin mutum. Ka riƙa kiran yayarka, tana da ciki, kada ka bar ta da zullumi. Allah Ya kai ku lafiya. Allah Ya kare ka daga harsashi da abin da aka binne a hanya, Ya kare hannunka daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya dawo da kai garin nan da ƙafafunka, ko da ba wurina za ka sauka ba.

Ni ne mahaifinka,
Sabo mai gyaran keke